Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Jiragen Shan Iska Na Faransa Da Hanyoyin Ruwan Barno

A ƙasar Faransa akwai wata irin tafiya wadda mutum ke biyan kuɗi masu kauri don a tafi da shi sannu a hankali. Jirgin ruwa ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, wanda a dā aikinsa dakon hatsi da gawayi da katako, aka gyara shi aka yi masa ɗakunan kwana da falo da madafa, ya zama masaukin baƙi mai tafiya a kan ruwa. Ya kan ɗauki mutum shida ko takwas ko goma sha biyu, ya bi da su ta wasu siraran hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu, ya ratsa ƙauyuka da gonakin inabi har kwana shida. Gudunsa bai fi na mai keke da ke tafe yana hira ba, domin doka ba ta yarda a wuce kilomita 6 zuwa 8 a sa'a guda a yawancin waɗannan hanyoyi ba. Nisan da za a ci a mako ɗungum, mota za ta cinye shi cikin sa'a ɗaya ko biyu. Duk da haka kuɗin mutum guda ya kan kai dalar Amurka dubbai, kuma masu zuwa daga Amurka da Ingila da Ostareliya su kan kama wuri tun da sauran watanni.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da shagalin attajiran Turai? Ruwanmu kuwa da yawa. Waɗannan hanyoyin ruwa an haƙa su ne don ciniki, cinikin ya mutu, amma masu su ba su bari sun mutu tare da shi ba. Mu kuwa a Jihar Barno muna da hanyoyin ruwa waɗanda suka girme su nesa ba kusa ba, cinikin da ake yi a kansu har gobe ana bukatarsa, ga shi kuwa fari da ciyawa da tashin hankali da sakaci sun taru sun toshe da yawa daga cikinsu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ya kamata a ajiye labarin biyu kusa da juna a duba.

YADDA AKA SA RUWA YA HAU TUDU

Mafi shahara daga cikin waɗannan hanyoyi ita ce wadda Faransawa ke kira Kanal di Midi, a kudancin ƙasar. Tsawonta kilomita 240 ne, ta taso daga birnin Tulus ta gangara har gaɓar Bahar Rum kusa da garin Set. Wani mai karɓar harajin gishiri da ake kira Pierre-Paul Riquet shi ne ya kawo shawarar, ya kuma shawo kan fadar Sarki Louis na 14 har ta yarda. An sa hannu a aikin cikin 1666, aka gama cikin 1681, da ma'aikata kimanin 12,000 maza da mata, yawancin aikin da diga da shebur da kwanduna suka yi shi. Riquet ya zuba dukiyarsa a ciki har ya ci bashi, ya rasu cikin 1680, saura watanni kaɗan a buɗe.

Abin da ake nema shi ne a haɗa Bahar Rum da Tekun Atlantika ta cikin ƙasa, don a hutar da 'yan kasuwa zagaya ƙasar Sifen da haɗarin 'yan fashin teku. Amma a tsakani akwai tudu mai tsayin kimanin mita 190, ruwa kuwa ba ya hawa tudu don kansa. Dabarar da Riquet ya yi ita ce, ya tara ruwan ƙoramu daga wasu duwatsu da ke kusa a cikin babbar madatsa, ya jawo shi zuwa ƙololuwar tudun, daga nan ya riƙa gangarawa gabas da yamma yana cika hanyar.

Shi kuwa jirgi, yadda ya ke hawa da sauka abin sha'awa ne. A kan gina wani dogon ɗaki na dutse a tsakiyar hanyar, mai ƙofa biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. In jirgi zai hau, sai ya shiga ta ƙofar ƙasa a rufe ta, a buɗe 'yan tagogin ƙofar sama ruwa ya kwararo, jirgi ya yi ta ɗagowa har ruwan ciki ya daidaita da na gaba, sa'an nan a buɗe masa ya wuce. In zai sauka sai a juya aikin. Watau dai matakala ce ta ruwa. Irin waɗannan ɗakuna sun haura 60 a kan Kanal di Midi. A kan ta lardin Burgundi kuwa, wadda aka buɗe cikin 1832, mai tsawon kilomita 242, akwai har 189, ga kuma ramin da aka huda ƙarƙashin tudu mai tsawon fiye da kilomita 3 wanda jirgi ke bi cikin duhu. Kowace ƙofa sai an tsaya, shi ya sa tafiyar ba ta karɓar gaggawa.

JIRGIN DAKO YA ZAMA MASAUKI

Zamani riga ne. Da jirgin ƙasa ya iso kudancin Faransa cikin 1857, sai kaya suka fara ƙaura daga ruwa zuwa dogo. Har ma kamfanin jirgin ƙasan ya karɓi hayar Kanal di Midi daga 1858 zuwa 1898, ya riƙe ta yadda ba za ta yi masa kishiya ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan motocin dako suka ƙarasa abin da ya rage, kafin ƙarshen shekarun 1980 jiragen kaya sun ɗauke ƙafa daga wannan hanya.

A nan ne abin koyi ya ke. Tun daga shekarun 1960 wasu mutane suka fara sayen tsofaffin jiragen dako da araha suna mai da su masaukai. Yawancinsu tsawonsu bai wuce mita 38 da rabi ba, faɗinsu kuma mita 5, domin wata doka ta 1879 ce ta tsai da wannan awo ga ƙofofin ruwan ƙasar, jirgin da ya fi haka ba zai shiga ba. Ma'aikatan jirgi su kan kasance huɗu ko biyar: matuƙi, da kuku, da masu hidima, da ja-gora mai mota wanda ke bin jirgin ta tudu. Da safe a tashi a yi tafiyar sa'a uku ko huɗu. Wanda ya gaji da zama sai ya sauka a wata ƙofa ya bi turbar gefe da ƙafa ko da keke, turbar da dawakai ke bi a dā suna jan jirgi da igiya, ya jira a ƙofa ta gaba. Da la'asar a zaga da baƙi kasuwar ƙauye, ko tsohuwar fada, ko gonar inabi. Da dare a ɗaure jirgi a gindin itatuwa a kwana. Kakar wannan sana'a daga Afrilu ce zuwa Oktoba.

Lardunan nan sun yi suna ne da noman inabi da giyar da ake yi da shi, kuma ɗanɗana ta na cikin abin da ke jan baƙin. Wannan al'adarsu ce, ba ita ce abin da ya dame mu ba. Abin lura shi ne, da yawa daga abin da aka ɗora a teburin jirgin, daga burodi har cuku da kifi da kayan lambu, daga ƙauyukan bakin hanya aka saye shi, saboda haka kuɗin baƙo ya kan sauka a hannun manomi da mai gashi da mai gadin ƙofar ruwa. Gwamnati kuma ba ta janye hannunta ba. Cikin 1991 ta kafa hukuma guda mai kula da hanyoyin ruwan ƙasar, cikin 1996 kuma Hukumar UNESCO ta sa Kanal di Midi cikin kayan tarihin duniya. Da wata cuta ta kama dubban itatuwan inuwa da ke gefenta daga 2006, sai aka shiga sare marasa lafiya ana dasa sababbi. Hanyar da aka haƙa shekara fiye da 340 har yanzu tana ci da mutane, don kuwa kowace shekara ana yashe ta, ana gyara ƙofofinta.

BARNO ƘASAR RUWA CE

Wanda ya sauka Maiduguri cikin watan Afrilu, ya ga rairayi da itatuwan darbejiya da rana mai ƙuna, da wuya ya yarda cewa yana tsaye ne a bakin tsohon teku. Amma masanan ƙasa sun tabbatar da cewa shekaru kimanin 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000. Dogon tudun rairayin nan da ya taso daga wajen Bama ya ratsa ta Maiduguri ya nufi arewa maso yamma, shi ne gaɓarsa ta wancan zamani.

Shaida mafi girma kuwa ta fito ne daga ƙarƙashin ƙasa. Cikin 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a ƙasar Fune, wadda a lokacin tana cikin Jihar Barno, yanzu kuwa tana Yobe, sai ya ci karo da wani katako. Da masana na Jami'ar Maiduguri da na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi cikin 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an sassaƙa shi daga gungumen itace guda, an fiƙe goshinsa da ƙeyarsa da gwaninta. Awon da aka yi ya nuna shekarunsa sun kai kimanin 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya duka. An kai shi Damaturu aka ajiye. Ashe tun kafin a aza tubalin dalar Masar, mutanen wannan yanki sun san tuƙi.

KANWA DA BANDA

A tsibiran tafkin akwai mutanen da maƙwabtansu ke kira Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Su ne sarakunan wannan ruwa tun fil azal. Jirginsu na gado, wanda ake kira kadei, ba da katako ake yin sa ba. Wata doguwar ciyawar ruwa ce, irin wadda Misirawan dā ke yin takarda da ita, ake yankowa a ɗaɗɗaure dami-dami da igiya, a lanƙwasa goshin ya tashi sama. Ba shi da nauyi, ba ya bukatar ruwa mai zurfi, da doguwar sanda ake tura shi. Aibinsa guda, ciyawar ta kan sha ruwa ta yi nauyi, sai a yi sabo. Shanunsu kuma, waɗanda ake kira Kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, su kan yi iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo. Ta wajen kudu, a bakin kogin Shari da Logon, mutanen Kotoko su ne gwanayen manyan jirage na alluna da ake ɗinkewa da igiya.

A kan waɗannan jirage ne kanwa ke ƙetarowa a dā. A kan haƙo ta a ƙasar Kanem, gabas da tafkin, a ɗauko ta a kan raƙuma da jakuna zuwa gaɓa, a loda wa jirage, a tura su kwana da kwanaki ta tsakanin tsibirai har gaɓar Barno. Daga nan fatake su ɗauka zuwa Kukawa da Kano, har ƙasar Nufe da ta Yarabawa. Uwargidan da ta jefa kanwa a tukunyar wake a Zariya ko Ilori, sau da yawa ba ta san cewa ta sha tafiyar ruwa kafin ta iso hannunta ba.

Bayan kanwa sai kifi. Da tarun roba da injin jirgi suka shigo a tsakiyar ƙarni na 20, sai su ya bunƙasa, masunta Hausawa daga ƙasashen Sakkwato da Kabi da Haɗeja, da Jukunawa, da wasu har daga Mali, suka yi ta kwararowa. Giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da bargi, a yanka a ƙyafe su zama banda, a cusa a kwali. Doron Baga ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin kifin ruwan daɗi a Afirka ta Yamma. Daga can motoci su yi tafiyar kusan kilomita 200 zuwa Tashar Baga a Maiduguri, daga Maiduguri kuma a wuce da shi Onica da Inugu da Ibadan da Ikko. Gidaje nawa ne a Yerwa aka gina da kuɗin banda, 'ya'ya nawa aka ilmantar, aure nawa aka ɗaura? Sai dai a tambayi dattawan kasuwar.

BAƘIN DA SUKA ZO DA JIRAGENSU

Turawa ma da suka fara zuwa, ruwan nan ne ya ja su. Denham da Clapperton da Oudney sun hango tafkin cikin Fabrairu 1823, a zamanin Shehu Muhammadu el-Kanemi, wanda ya kafa Kukawa cikin 1814. Bayan shekara 28 sai ga ayarin su Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Su kuwa har da jirgin ruwa suka zo, an ƙera shi a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa aka ɗora wa raƙuma, aka ƙetare Sahara da shi. Abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, shi ya harhaɗa shi ya shiga tafkin cikin 1851, a zamanin Shehu Umar, ya yi makonni yana zaga tsibiran Buduma. Zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari, kusa da Kukawa, cikin Satumba 1852.

Cikin Nuwamba 1897 Bafaranshe Emile Gentil ya gangaro ta kogin Shari da ƙaramin jirgi mai tururi ya shiga tafkin, abin da ya zama share fagen yaƙin da aka yi da Rabeh a Kusuri cikin 1900. Sa'an nan ga Boyd Alexander, hafsan sojan Ingila, wanda ya kawo jirage biyu na ƙarfe ta Binuwai da Gongola, aka ɗauke su a ka zuwa kogin Yobe. Ya sha wuya ƙwarai cikin 1905, watanni yana sarar ciyawa yana jan jirgi cikin taɓo kafin ya sami hanyar fita bakin Shari, a wuraren da Buduma ke wucewa da kadei ba tare da wata wahala ba. Ƙanensa Claud ya rasu a Maifoni cikin 1904, shi ma da aka kashe shi a ƙasar Wadai cikin 1910, nan Maifoni aka kawo shi aka binne kusa da ɗan'uwansa, watau a cikin Maiduguri ta yau.

Wani abin alfahari kuma ya faru cikin 1969. Masanin nan na ƙasar Norwe, Thor Heyerdahl, da ya so ya gwada ko jirgin ciyawa irin na Misirawan dā zai iya ƙetare Atlantika, bai sami masu wannan sana'a a Masar ba, sai da ya zo Tafkin Chadi ya ɗauki maƙera daga yankin Bol. Su suka ɗaure masa jirgin da ya kira Ra a gindin dalar Masar, ɗaya daga cikin mutanen Chadi, Abdullahi Jibrin, har ya shiga cikin matuƙa. Sun tashi daga Safi ta Maroko, suka yi tafiyar kimanin kilomita 5,000 kafin jirgin ya jiƙe su bar shi tun ba su kai tsibiran Karibiyan ba. Sana'ar da ake gani ta mutanen ƙauye ce, ga inda ta kai.

RUWA YA JA DA BAYA

Cikin 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Ran 22 ga Mayu 1964 shugabannin Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena. Cikin 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi mai hedkwata a Maiduguri, aka shirya babban aikin noman rani a ƙasar Marte wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000 na alkama da shinkafa. Aka haƙa hanyar ruwa mai tsawon fiye da kilomita 20 daga tafkin zuwa injinan tura ruwa a Kirinowa, aka kafa tashar lantarki a Sabuwar Marte, aka ja magudanai cikin gonaki. An kuma yi wani aikin irinsa a Baga. Ashe mu ma mun haƙa hanyoyin ruwa da kuɗinmu, kuma ba ƙanana ba.

Sai dai tafkin nan kamar faranti ya ke, ba shi da zurfi, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logon ya ke fitowa. In damina ta gaza a can kudu, nan da nan gaɓa ta gudu. Farin 1972 zuwa 1974 ya raba shi gida biyu, na 1983 zuwa 1985 kuma ya bar ruwan fili bai kai kashi ɗaya cikin goma na dā ba. Bakin hanyar da aka haƙa ya wayi gari a kan busasshiyar ƙasa, aikin Marte bai taɓa kusantar abin da aka tsara masa ba. Jama'a dai ba su zauna ba. Sun bi ruwan, suka kafa ƙauyuka a inda jirage ke wucewa a dā, suna noman masara da wake a kan danshin da ya bari. Wannan bin ruwa ne ya kai dubban 'yan Nijeriya yankin Darak, wanda Kotun Duniya ta ba Kamaru cikin Oktoba 2002, Nijeriya ta janye cikin Disamba 2003.

Akwai wata magana da ya kamata a gyara. An daɗe ana cewa tafkin na gab da ƙafewa. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, aka buga cikin 2020, ya nuna cewa tun daga shekarun 1990 ya daina raguwa, har ma ya ƙaru, sai dai ruwa mai yawa yana ɓoye ƙarƙashin ciyawa. A shekarun ruwa mai yawa kamar 2022 da 2024 ya yi ambaliya ya ci gonaki. Ke nan abin da ya hana jirgi wucewa a wurare da yawa ciyawa ce da laka da suka cike mashigai. Wannan kuwa aikin yasa ne da sara, abin da hannun mutum zai iya.

SA'AD DA BINDIGA TA SHIGA RUWA

Abin da fari ya rage, tashin hankalin Boko Haram da ya faro cikin 2009 ya auka masa. Baga ta ga bala'i cikin Afrilu 2013, sa'an nan cikin Janairu 2015 aka ci garin da sansanin sojan haɗin gwiwa da ke can, aka kashe jama'a masu yawa, dubbai suka tsere, wasu ta ruwa zuwa Chadi, wasu ta tudu zuwa Maiduguri. An sake tarwatsa garin cikin Disamba 2018. Kwalejin Tarayya ta koyon aikin kifi da ke Baga sai da ta ƙaura zuwa Maiduguri. A wasu shekaru hukumomin tsaro sun hana safarar kifi don toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi, su kuma 'yan bindigar suka ɗora wa masunta haraji a tsibiran da suka mamaye. Masunci ya shiga tsakanin wuta biyu. Cikin Satumba 2020 Gwamna Babagana Umara Zulum ya fara mai da mutanen Baga gida, kifi kuma ya sake isowa Tashar Baga. Amma hanyar ruwa ba kamar ta mota ba ce: in aka yi shekara biyar ba a bi ta ba, ciyawa ta kan haɗe ta ruf, sai an sake buɗe ta da ƙarfi.

Kusa da gida kuma ga Alau, kimanin kilomita 20 daga Maiduguri, inda tarihin baka ya ce an binne Mai Idris Alauma. An datse kogin Ngadda a nan a tsakiyar shekarun 1980 don shayar da birni da gonakin shinkafa na Jere. Kafin tashin hankali, nan ne mutanen Yerwa ke zuwa shan iska ranar hutu da lokacin salla, a ci gasasshen kifi, a shiga kwale-kwale. Madatsar ta yi ambaliya cikin 1994, sa'an nan ran 10 ga Satumba 2024 ta ɓalle da dare, ruwa ya mamaye Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, aka yi asarar rayuka. A kwanakin nan kwale-kwale ne ya zama motar Maiduguri, masunta suka yi ta fito da mata da yara daga unguwannin da ruwa ya ci. Cikin 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina madatsar.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ba wanda zai ce a kawo jirgin shan iska Doron Baga alhali masunci bai iya kwana a tsibiri da kwanciyar rai ba. Kome da lokacinsa. Farko dai tsaro, domin sai da zaman lafiya ake tuƙi. Na biyu, a buɗe mashigan da suka toshe tsakanin Baga da gaɓar Chadi, a kuma sa kuɗin yasarsu cikin kasafin kowace shekara. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997 mai hedkwata a Lokoja, ta tuna cewa aikinta bai tsaya a Kwara da Binuwai ba. Mun daɗe muna jin labarin shirin jawo ruwa daga yankin kogin Kongo ta hanya mai tsawon kilomita 2,400, har an yi babban taro a kansa a Abuja cikin Fabrairu 2018. Kafin wannan ya tabbata, 'yan kilomitocin da ke gabanmu su ne a hannunmu.

Na uku, a kula da masu sanin ruwan. Tsofaffin matuƙa da suka san kowane mashigi da sunansa, da masu ɗaure kadei, da kafintocin jirgi, da yawansu sun yi shekaru a sansanonin gudun hijira, 'ya'yansu sun tashi ba su taɓa riƙe sandar tuƙi ba. Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi su ne suka fi cancanta su rubuta wannan ilmi tun masu shi na da rai. Na huɗu, in an gama gyaran Alau, a yi mata matsayar jirage mai kyau, da rigunan hana nitsewa, da ƙa'idar yawan mutanen da za a ɗauka, yadda magidanci zai kai iyalinsa, malami ya kai 'yan makarantarsa, su zaga a hankali su ga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai da rani, kuɗinsu kuma ya shiga aljihun mutanen ƙauyukan gefe.

Faransawa inabi da tsofaffin fadoji suke nuna wa baƙonsu. Mu muna da kushewar Shehunan Barno a Kukawa, da shanun Kuri, da jirgin Dufuna, da kasuwar banda, da faɗuwar rana a kan ruwan da ƙasashe huɗu suka haɗu a kansa. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne kulawa ta yau da kullum, wadda ba ta da bikin buɗewa, ba a kuma yanka mata kirtani. Riquet shekara goma sha huɗu ya yi yana haƙa bai ga ranar da jirgi ya wuce ba, amma jikokin jikokin ma'aikatansa na cin moriyar aikin. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mu dai mun daɗe. Allah Ya zaunar da Barno lafiya, Ya nuna mana ranar da jirgi zai tashi daga Baga da hantsi ya sauka Baga Sola ba tare da fargaba ba.